Wutar Bagade a Ƙauyen Herrnhut

Karatu: Littafin Firistoci 6:8-13, Ayyukan Manzanni 2:42-47

Da wuya a sami mai bi a cikinmu wanda bai taɓa yi wa Allah alkawari a daren shiga sabuwar shekara ba, cewa daga yanzu zai riƙa tashi da asuba ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya durƙusa ya yi addu'a kafin ya sa ƙafa waje. Mako biyu na fari sukan tafi daidai. Daga nan sai sanyin hunturu ya hana barin mayafi, aikin ofis ko na kasuwa ya matsa, damina ta faɗi gona ta yi kira. Kafin a ankara Littafin yana kan taga ya sha ƙura, ba a taɓa shi sai safiyar Lahadi. Mutum ba ya musun bangaskiyarsa, ba ya kuma fasa zuwa majami'a, amma a ransa ya san cewa wutar da ke ciki ta koma toka mai ɗumi kawai.

Masu bi na kowane zamani sun yi fama da wannan rauni. Akwai kuwa wata ƙaramar jama'a a ƙasar Jamus da ta samo masa magani kusan shekara 300 da suka wuce, maganin kuma har yau ana amfani da shi. Labarinsu ya cancanci mu san shi, domin mutane ne irinmu: manoma, masaƙa, kafintoci da maginan tukwane, 'yan gudun hijira waɗanda suka san tsanani, suka kuma san rikicin cikin gida.

Irin da aka ɓoye

Tushen labarin yana ƙasashen Bohemiya da Morabiya, inda Jamhuriyar Cek take a yau. A can ne wani malami mai suna Jan Hus ya yi wa'azi da harshen talakawa, yana koyar da cewa Maganar Allah ce ke bisa kowane iko a cikin ikkilisiya. Saboda wannan aka ƙone shi da wuta a birnin Konstanz ranar 6 ga Yuli, 1415. Waɗansu da suka riƙe koyarwarsa suka haɗu a 1457 suka kafa zumunta wadda suka kira Haɗin Kan 'Yan'uwa, shekara 60 kafin Martin Luther ya fara nasa gyaran. Mutane ne masu ƙaunar Littafi. Sun fassara shi duka zuwa harshensu, suka buga shi a garin Kralice tsakanin 1579 da 1593.

Bayan yaƙin da aka yi kusa da birnin Prag a 1620, masu mulki suka haramta wannan ikkilisiya. Aka rufe majami'unsu, aka ƙone littattafansu, aka kori limamansu. Bishop ɗinsu, Jan Amos Comenius, ya bar ƙasar a 1628, ya mutu a baƙunci a Amsterdam a 1670. Waɗanda ba su iya gudu ba suka zauna shiru. Har shekara ɗari ba su da fasto, ba su da ɗakin sujada. Abin da ya rage musu shi ne Littafi Mai Tsarki da aka ɓoye a cikin gida, da uba ko kaka da ke tara yara da dare yana karanta musu a asirce. Masu tarihi suna kiransu irin da aka ɓoye. Ikkilisiyar da aka rushe a fili ta rayu a ɗakunan iyali, ta wurin karatu da addu'ar da ba wanda ya gani.

Ƙauyen baƙi

A 1722 wani kafinta mai suna Christian David ya sadu da wani saurayi ɗan sarauta na ƙasar Saksoni, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, ya roƙe shi wurin zama domin 'yan'uwansa da ake tsananta wa a Morabiya. An haifi Zinzendorf a Dresden a 1700. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, kakarsa mai tsoron Allah ta rene shi, ya kuma yi karatu a makarantar August Hermann Francke a Halle, inda ake ɗaukar ibadar zuciya da muhimmanci. A wannan shekara ce ya sayi filayen Berthelsdorf daga hannun kakarsa, sai ya yarda baƙin su zauna a wani gefe na ƙasar. Ranar 17 ga Yuni, 1722, Christian David ya sare itacen farko domin gina gida. Aka raɗa wa wurin suna Herrnhut, ma'anarsa tsaron Ubangiji.

Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa. Cikin shekara biyar mazauna ƙauyen suka kai kusan 300. Amma ba 'yan Morabiya kaɗai suka zo ba. Akwai mabiya Luther, akwai mabiya Calvin, akwai waɗanda suka ware daga kowace ikkilisiya, kowa da koyarwar da ya sha wuya dominta, kowa kuma yana ganin tasa ce gaskiya. Suka yi ta gardama a kan Jibin Ubangiji, a kan zaɓen Allah, a kan tsarin sujada, a kan ko ya halatta su yi tarayya da majami'ar Berthelsdorf da fastonta Johann Andreas Rothe. Wani baƙo mai zafin baki ya zo ya riƙa kiran Zinzendorf da Rothe da sunayen maƙiyan Allah da ke cikin Wahayin Yahaya, mutane da yawa kuwa suka bi shi. Christian David kansa, wanda ya sare itacen farko, ya janye jikinsa daga jama'a. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen da suka tsira daga hannun masu tsananta musu suna gab da hallaka kansu da harshensu.

Shekarar 1727

Zinzendorf yana da ikon korar su duka, domin ƙasarsa ce. Bai yi haka ba. Ya ajiye aikinsa na fadar Dresden ya dawo ya zauna a cikinsu, yana ɗan shekara 26. Ya riƙa shiga gida gida, yana zama da kowane iyali, yana buɗe Littafi tare da su, yana yin addu'a tare da su. Ranar 12 ga Mayu, 1727, mazauna ƙauyen suka amince da wata yarjejeniya ta zaman 'yan'uwantaka, suka yi alkawarin barin jayayya su zauna da juna cikin ƙauna. A watannin da suka biyo baya aka rarraba jama'a ƙungiya ƙungiya ta mutum kaɗan, maza daban mata daban, domin su riƙa haɗuwa suna faɗa wa juna gaskiyar halin zuciyarsu, suna yi wa juna addu'a. A lokacin ne kuma Zinzendorf ya ci karo da wani littafin Comenius a ɗakin karatu na garin Zittau, wanda ya bayyana tsarin tsohuwar ikkilisiyar kakanninsu. Da ya karanta musu, suka gane cewa hanyar da suka kama ita ce ta iyayensu.

Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 1727, suka taru a majami'ar Berthelsdorf domin cin Jibin Ubangiji. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu da iko, aka yi kuka, aka furta zunubi, waɗanda suka daɗe ba sa gaisawa suka rungumi juna. Bayan an tashi suka ƙi watsewa, suka ci gaba da zama rukuni rukuni a gidaje, har Zinzendorf ya aika musu da abinci daga gidansa. Har yau ikkilisiyar Morabiya tana ɗaukar wannan rana a matsayin ranar sabuwar haihuwarta.

Mu ma mun ga ranaku irin wannan. Mun halarci taron farkawa inda hawaye ya zuba, aka yi alkawura, sannan bayan wata ɗaya kowa ya koma yadda yake. Abin da ya bambanta mutanen Herrnhut shi ne abin da suka yi mako biyu bayan haka. Sun tuna da umarnin da Allah ya ba firistoci a Littafin Firistoci sura 6, cewa kada a bar wutar bagade ta mutu, firist ya riƙa ƙara mata itace kowace safiya. Wutar daga Allah take, amma ɗauko itace aikin mutum ne. Ranar 27 ga Agusta, maza 24 da mata 24 suka ɗauki alkawari, suka raba sa'o'i 24 na dare da rana a tsakaninsu ta hanyar ƙuri'a, kowa da sa'arsa ta addu'a. Wanda ƙarfe biyu na dare ya faɗo masa, ƙarfe biyu zai tashi. Kowa yana yi a ɗakinsa ko inda ya sami kaɗaici, in sa'arsa ta cika wani ya karɓa. Sau ɗaya a mako sukan haɗu a sanar da su bukatun da za su kai gaban Allah. Adadinsu ya ƙaru daga baya, wannan sarƙar addu'a kuwa ta ci gaba fiye da shekara ɗari.

Aya ɗaya, gida 32

Mutanen Herrnhut sukan taru da yamma su raira waƙoƙin yabo. A irin wannan taro ne, ranar 3 ga Mayu, 1728, Zinzendorf ya ba jama'a wani ɗan baitin waƙa, ya ce su riƙe shi a zuciya ya zama kalmarsu ta gobe. Sunan da aka ba wannan abu da Jamusanci, Losung, daga bakin sojoji aka aro shi. Ita ce kalmar da shugaban mayaƙa kan ba rundunarsa kowace rana, domin mai gadi ya bambanta ɗan'uwa da maƙiyi cikin duhu. A ganin Zinzendorf masu bi mayaƙa ne, suna kuma bukatar kalma ɗaya daga bakin Shugabansu kowace rana.

Al'adar ta kafu nan da nan. Kowace safiya wani ɗan'uwa yakan zaga gidaje 32 na ƙauyen, ya yi sallama, ya faɗi kalmar ranar, ya kuma tambayi lafiyar mutanen gida da abin da ke damunsu. Da haka masaƙi a bakin masaƙarsa, da uwa a madafa, da yaro a makaranta, duk suna juya magana ɗaya a zuciya, in sun haɗu a hanya kuma suna da abin tattaunawa wanda ba tsegumi ba. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, a Herrnhut kuwa Maganar Allah ma a ƙafa take yawo. A 1731 aka fara buga kalmomin shekara guda cikin ɗan littafi, domin waɗanda suke nesa su ma su samu. Tun daga lokacin ba a taɓa tsallake shekara ba. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun wuce, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun wuce, wuta ta cinye babban sashe na Herrnhut har da ɗakin sujada a watan Mayu na 1945, mulkin kwaminisanci ya riƙe yankin shekara 40, littafin bai daina fitowa ba.

Tsarinsa a yau mai sauƙi ne. Kowace shekara a Herrnhut ana zaro aya ɗaya ta Tsohon Alkawari domin kowace rana, ta hanyar ƙuri'a, daga cikin ayoyi fiye da 1,800 da aka tanada. Sai a zaɓo aya daga Sabon Alkawari wadda ta dace da ita, a ƙara baitin waƙa ko gajeriyar addu'a. Ana fassara shi zuwa harsuna fiye da 50.

'Ya'yan itacen

A 1731 Zinzendorf ya je Kofanhagen bikin naɗin sarkin Denmak. A can ya sadu da wani baƙar fata mai suna Anton, wanda aka kawo daga tsibirin Saint Thomas a yankin Karebiyan. Anton ya ba shi labarin bayin da ke aikin rake a tsibirin, har da 'yar'uwarsa, waɗanda ba wanda ya damu ya kai musu bishara. Daga baya ya zo Herrnhut ya maimaita labarin a gaban jama'a. Samari suka miƙa kansu. Ranar 21 ga Agusta, 1732, Leonhard Dober maginin tukwane da David Nitschmann kafinta suka kama hanya da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu, suka isa tsibirin a watan Disamba. A shekara ta biye waɗansu suka tafi Girinlan, ƙasar ƙanƙara. Daga nan aka tafi Surinam, Arewacin Amurka da Afirka. Zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikin na farko, amma duk lokacin da labarin mutuwa ya iso ƙauyen sai waɗansu su tashi su maye gurbin. Kafin Zinzendorf ya rasu a 1760, wannan ƙaramar jama'a ta aika masu bishara fiye da 200.

Duk inda suka je suna ɗauke da ɗan littafin nan. Mai bishara da ke zaune shi kaɗai a bakin teku, wata da watanni bai sami wasiƙa ba, ya san cewa ayar da ya karanta da safe ita ce ake karantawa a gida, ya kuma san cewa a wannan sa'a akwai wanda yake durƙushe yana ambaton sunansa. Mu a Afirka ta Yamma ma aikinsu ya taɓa mu. A 1843 Mishan na Basel ya kawo iyalan Kirista baƙaƙen fata daga Jamaika, 'ya'yan ikkilisiyar Morabiya, suka zauna a Akropong a ƙasar Gana ta yau, suka zama ginshiƙin ikkilisiyar da ta tsiro a wurin.

Sabon Alkawarin Magdalena

A cikin dukan waɗanda aka aika, labarin Georg Schmidt ya fi dacewa da zancenmu. Kafin a aike shi ya riga ya yi shekara shida a kurkuku saboda wa'azi. Ya sauka a Cape Town a 1737, a shekara ta biye kuma ya zauna a wani kwari mai suna Baviaanskloof a cikin mutanen Khoikhoi, makiyaya waɗanda Turawan wurin suka raina har ba sa ganin sun cancanci baftisma. Schmidt ya gina bukka, ya yi lambu, ya dasa itacen marmari, ya riƙa koya wa mutane karatu da harshen Holan. A 1742 ya yi wa mutum biyar baftisma. Limaman Turawa na Cape suka ta da ƙura, suka ce ba shi da ikon yin haka. A 1744 dole ya koma Turai, ba a kuma sake barinsa ya dawo ba. Ya rasu a 1785. A idon mutum, aikin shekara bakwai ya tashi a banza.

Cikin biyar ɗin nan akwai wata mace da aka raɗa wa suna Magdalena, ana kiranta Lena. Da Schmidt zai tafi ya bar mata Sabon Alkawari. Sai a ƙarshen Disamba na 1792, bayan shekara 48, aka bar waɗansu masu bishara uku na Morabiya suka zo kwarin. Suka tarar da kangon bukkar, da itacen da Schmidt ya dasa ya zama babba. Aka kai su wurin wata tsohuwa tukuf wadda idanunta suka kusa rufewa. Lena ce. Ta sa aka ɗauko wani ƙunshi na fatar tunkiya, aka kwance, sai ga Sabon Alkawarin. Ita ba ta iya ganin rubutu kuma, amma wata matashiya ta karɓa ta karanta a gabansu. Duk shekarun nan Lena tana tara mutane tana karanta musu, tana addu'a da su, tana koya wa na baya.

Ba ta da fasto, ba ta da majami'a, ba ta da albashi, ba wanda ya aiko mata da wasiƙar ƙarfafawa. Littafi ɗaya take da shi, da naciya. A wannan wuri aka sake kafa aikin, aka ba shi suna Genadendal, wato kwarin alheri, Sabon Alkawarin nan kuma yana ajiye a gidan tarihin garin. A 1995 Shugaba Nelson Mandela ya sa wa gidan shugaban ƙasa da ke Cape Town sunan Genadendal.

A teku da kurkuku

A watan Janairu na 1736 wani matashin limamin Ingila mai suna John Wesley yana cikin jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka, tare da wata ƙungiyar 'yan Morabiya. Hadiri mai ƙarfi ya taso suna tsakiyar sujadar yamma, ruwa ya kwararo cikin jirgi, babban filafilan ya yage. Turawan Ingila suka ɓarke da kururuwa, 'yan Morabiya kuwa, har da mata da yara, suka ci gaba da waƙarsu. Wesley mutum ne mai tsananin horon kansa, amma a ranar ya gane yana tsoron mutuwa, su kuwa ba sa tsoro. Bayan ya koma Landan wani ɗan Morabiya, Peter Böhler, ya riƙa bi da shi cikin Nassi a kan ceto ta wurin bangaskiya, har zuwa daren 24 ga Mayu, 1738, lokacin da ya sami tabbacin gafara a wani taro a titin Aldersgate. A watan Agusta na shekarar ya je Herrnhut da ƙafarsa ya ga yadda suke zama. Ikkilisiyar Methodist da ta fito daga aikinsa ita ce ta aiko Thomas Birch Freeman zuwa Badagry a 1842.

Shekara 200 bayan Wesley, wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya riƙe ayoyin Herrnhut a matsayin abincinsa na kullum. Tun yana yaro ya san su, domin matar da ta rene su a gida 'yar wannan zumunta ce. A 1939 abokansa suka fitar da shi zuwa New York domin ya tsira daga mulkin Hitler. Littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya nuna yadda yake auna ayar kowace rana yana kokawa da lamirinsa, har ya yanke shawarar komawa ya sha wuya tare da mutanensa. An kama shi a watan Afrilu na 1943. Ranar Lahadi, 8 ga Afrilu, 1945, 'yan'uwansa fursunoni suka roƙe shi ya yi musu sujada. Ya yi musu bayani a kan ayoyin ranar, Ishaya 53:5 da 1 Bitrus 1:3, masu magana a kan warkarwa ta wurin raunukan Almasihu da rayayyen bege ta wurin tashinsa. Da gamawarsa aka zo aka tafi da shi. Kashegari da asuba aka rataye shi a sansanin Flossenbürg.

Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Natsuwar da Wesley ya gani a jirgi, da wadda fursunoni suka gani a fuskar Bonhoeffer, an tara ta ne a dubban safiyoyin da ba abin da ya faru a cikinsu.

Inda suka yi tuntuɓe

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa mutanen nan ba mala'iku ba ne. Sun dogara ga ƙuri'a fiye da kima, har suka riƙa yanke shawarar aure da ita, sai daga baya ikkilisiyarsu ta bar wannan. A shekarun 1740 wani sashe nasu a Herrnhaag ya zarce cikin ibadar motsin rai da kalmomi marasa kan gado, har Zinzendorf ya tsawata musu. Mafi muni, a Karebiyan mishan ɗinsu ya mallaki gonaki da bayi, yana wa'azin 'yanci cikin Almasihu ga mutanen da bai 'yanta ba. Karatun kullum bai buɗe musu ido a kan wannan zunubi da wuri ba.

Gargaɗi ne a gare mu. Aya ɗaya ta safe ba laya ba ce da za a rataya, ba kuma duba ba ce da za a nemi sanin sa'ar yini da ita. Wanda ya tsinci aya ya raba ta da surarta zai iya sa ta faɗi abin da ransa ke so. Shi ya sa littafin Herrnhut na yau yake ɗauke da tsarin karatu mai bi da mutum cikin littattafan Nassi sura bayan sura, ban da ayar ranar. Karatun da ba ya kai mu ga tuba da yi wa maƙwabci adalci bai gama aikinsa ba tukuna.

Mu kuma fa?

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Iyayenmu da yawa sun shiga ajin karatun manya ne musamman domin su iya karanta shi da kansu. Yau yana cikin gidajenmu, yana cikin wayoyinmu, wanda bai iya karatu ba ma zai iya saurara. Abin da Lena ta naɗe cikin fatar tunkiya shekara 48, mu muna da shi birjik. Abin da muka rasa shi ne tsari da naciya, a nan ne kuwa Herrnhut take da abin koya mana.

Sun sa wa addu'a lokaci. Ba su jira sai zuciya ta motsa ba, domin sun san zuciya takan yi nauyi. Daniyel ma lokatai uku ya tsayar a yini, ranar da dokar sarki ta fito kuwa abin da ya saba yi ne ya ci gaba da yi. Ubangijinmu kansa, bisa ga Markus 1:35, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Ɗan'uwa, zaɓi sa'arka. In asuba ba ta yiwu saboda yanayin aikinka, ɗauki wani lokaci, amma ya zama sananne gare ka da mutanen gidanka.

Sun fara da kaɗan. Aya ɗaya wadda aka riƙe har yamma ta fi sura goma da aka karanta da gaggawa aka manta kafin a gama karin kumallo. Manna da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji ta yini ɗaya ce, wadda aka ajiye ta kwana kuwa ta yi tsutsa. Wa'azin Lahadi ba zai ciyar da kai har Asabar ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Ba su bar kowa shi kaɗai ba. Wannan ne babban sirrinsu. Alkawarin da mutum ya yi a ɓoye cikin ransa yana da saurin karyewa, amma wanda ya san ɗan'uwa zai ƙwanƙwasa ƙofarsa da safe, ko kuwa in ya yi barci sarƙar addu'a za ta tsinke a hannunsa, zai tashi. Maigida ya tara iyalinsa ko da na minti goma ne. Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da 'yan mawaƙa za su iya raba kwanakin mako ko sa'o'in yini a tsakaninsu. Maƙwabta biyu za su iya amincewa su karanta wuri ɗaya, su tambayi juna in sun haɗu. A yi tunanin tsofaffi da marasa gani a cikinmu, a sami yaron da zai riƙa karanta musu kamar yadda aka yi wa Lena.

Akwai ikkilisiyoyinmu da rikicin shugabanci ko na ƙabila ya raba, akwai kuma 'yan'uwa da tashin hankali ya kora daga garuruwansu, suna zaune a baƙunci ba majami'a ba fasto. Mutanen Herrnhut sun ɗanɗana duka biyun. Sulhunsu ya fara ne lokacin da mutum ɗaya ya shiga gida gida da Littafi a hannu, ya kuma dawwama domin sun ci gaba da durƙusawa tare. In ka riga ka karya alkawarinka na farkon shekara, kada ka jira wata sabuwar shekara. Firist ba ya jiran ranar idi kafin ya ƙara itace a bagade. Gobe da safe ma safiya ce.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai da ba ka gyangyaɗi ba ka barci, mun gode maka saboda bayinka da suka riga mu, waɗanda suka riƙe Maganarka cikin tsanani da kaɗaici. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka ba mu yunwar Maganarka kowace safiya, da ƙarfin tashi lokacin da jiki ya ƙi. Ka haɗa kan gidajenmu da ikkilisiyoyinmu a gaban kursiyinka, ka kuma sa abin da muka karanta ya bayyana cikin zamanmu da maƙwabtanmu. Kada ka bar wutarka ta mutu a cikinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.